Yadda ake shirya aikin gayya don gyara makarantar firamare kafin damina

Iskar farkon damina, a watan Mayu ko Yuni, ita ce ke tona asirin rufin makaranta. Ta sami kwanon da ƙusarsa ta saki tun bara, ta yaye rabin aji, sai a wayi gari an haɗe 'yan aji uku da 'yan aji huɗu a ɗaki ɗaya har ƙarshen zango. Da yawa daga gine-ginen firamarenmu a Najeriya tun zamanin shirin ilimin firamare kyauta ga kowa (UPE) na 1976 suke tsaye, sun kuwa tsufa. Babban gyara haƙƙin hukuma ne, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Amma ƙusar da ta fita, da ƙofar masai da ta ɓalle, da allon da ya koɗe, waɗannan unguwa za ta iya gama su a yini guda idan an shirya. Na sha haɗa irin wannan gayya tare da iyaye da malamai, kuma abin da na tabbatar shi ne ranar aikin ita ce mafi sauƙi. Wahalar tana cikin makonnin da suka gabace ta da kuma makon da ke bin ta.

Kayan da za ka tanada

Kayan aiki aro ake yi, ba saye ba. Shebur, diga, baro, kwanon sarki, manjagara, fartanya, adda, tsintsiya, bokitai da jarkoki, duk akwai su a gidajen unguwa. Kafinta zai zo da gudumarsa da zartonsa, birkila kuma da cokalinsa. Tsani ka nemi biyu, ka jijjiga su da hannunka kafin kowa ya hau. Duk kayan da aka kawo aro a ɗiga masa fenti ko a ɗaura masa ƙyalle, a rubuta sunan mai shi. Mutumin da sheburinsa ya ɓata a gayyar bana ba zai ba da aro baɗi ba, kuma zai gaya wa maƙwabtansa dalili.

Abin da ake saye ya danganta da aikin da aka zaɓa: siminti, ƙusar kwano mai hula, ƙusar katako inci uku da inci huɗu, kwanon rufi, katako tu-bai-tu da tu-bai-fo, langa-langa, fentin allo, farar ƙasa, sakata da kwaɗo. Yashi kuwa, idan akwai rafi kusa, masu amalanke za su iya ɗebowa a matsayin tasu gudummawa. Ruwa shi ne abin da aka fi mantawa, shi ne kuma ya fi tsayar da aiki. Ka nemi duro biyu ko uku a cika tun jajibiri.

Sai littafi mai bango mai kauri da biro, da waya mai ɗaukar hoto, da ɗan akwati mai auduga da bandeji da aidin da sabulu. Inda ake aiki da kwano da ƙusa, sai wani ya yanke.

1. Fara da hedimasta da kwamitin makaranta

Kada ka tara jama'a kafin hedimasta ya sani, ko da kai ne mai bayar da simintin gaba ɗaya. Makarantar a hannunsa take, shi za a tambaya idan wani abu ya faru. Ku zauna da shi da shugaban kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) da na ƙungiyar iyaye da malamai. Idan kwamitin sunansa kawai ya rage a takarda, kamar yadda yake a wurare da yawa, wannan aikin dama ce ta tashe shi: a kira mai unguwa ko dagaci, da liman, da wakiliyar iyaye mata, da wani daga tsofaffin ɗalibai, da kafinta ko birkila guda. A Nijar kwamitin CGDES, wanda a da ake kira COGES, shi ne ke wannan matsayi.

Daga nan hedimasta ya rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma gajeriyar takarda: ga abin da jama'a ke son gyarawa, ga lokacin. Takardar tana kare ku daga wanda zai zo daga baya ya ce an taɓa ginin gwamnati ba izini. Wani lokacin ma ta nan za ku ji cewa ajin da kuke shirin kashe wa kuɗi yana cikin jerin waɗanda aka riga aka bayar da kwangilarsu, sai ku karkata wani wajen.

2. Zagaya makarantar da littafi a hannu

Mutum biyar ko shida sun isa, amma lallai a sami kafinta da birkila da mace aƙalla ɗaya. Ku shiga kowane aji da rana tsaka, ku rufe ƙofa da tagogi, ku ɗaga kai. Duk inda haske ya ratso, nan ruwa zai bi. Ku soki katakon rufi da ƙusa: idan ta shige ba wuya, gara ta cinye cikinsa ko da bayansa yana da kyau. Ku ƙirga bencina masu lafiya, da masu gyaruwa, da waɗanda suka zama itacen girki. Ku ɗauki hoton komai.

Ku tambayi yara, musamman 'yan matan aji biyar da shida, amma malama ko wata uwa ce za ta tambaye su, ba dattawan kwamiti ba. Abin da za su faɗa game da masai ba za ka taɓa jin sa a taron maza ba. Yarinyar da ta fara girma, idan masan makaranta ba ƙofa, gida za ta tafi lokacin tara, kuma sau da yawa ba ta dawowa ranar.

Idan kun ga bango ya tsage daga sama har tushe, ko ya karkata, wannan ya fi ƙarfin gayya. A fitar da yara daga ajin, a ɗauki hoto, a kai wa hukuma. Shafe irin wannan tsaga da siminti ɓoye haɗari ne kawai.

3. Zaɓi abin da za a iya gamawa

A nan mafi yawan gayya ke lalacewa. Jerin da kuka rubuta zai yi tsawo, kowa kuma yana da abin da ya fi damunsa. Ku tsara shi haka: farko abin da zai iya raunata yaro, kamar kwano mai lilo, ramin masai a buɗe ko rijiya ba murfi. Na biyu abin da ke hana karatu, wato yoyo, allo, wurin zama da ƙofar masai. Fenti da ado su ne na ƙarshe, duk da cewa su mutane suka fi so saboda su ake gani daga titi.

Ku ɗauki abu uku ko huɗu kawai. Aji biyu da aka gama tsaf sun fi aji shida da aka fara aka bari. Jama'a suna komawa aikin da suka ga ƙarshensa.

4. Tara kuɗi da kaya

Kafinta da birkila su yi lissafin kaya a rubuce, sannan mutum biyu su je kasuwa su ji farashi da kunnensu.

Abu ɗaya da ba na sassautawa a kansa: ba a ɗora wa ɗalibi haraji, ba a kuma korar yaro gida don ubansa bai bayar ba. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce ilimin firamare da ƙaramar sakandare a makarantar gwamnati kyauta ne kuma dole. Ban da doka ma, yaron da aka kora saboda kuɗin gyaran aji shi ne dai wanda aka ce ana gyaran domin sa. Gudummawa ta manya ce, kuma ta ganin dama.

Ka fi neman kaya a kan kuɗi. Ɗan kasuwa ya fi sakin jiki ya ba da buhun siminti biyu ya ga an sauke su a makaranta, a kan ya ba da kuɗinsu bai san inda suka shiga ba. Tsofaffin ɗaliban da ke Kano ko Kaduna ko Abuja a tura musu hotunan da kuka ɗauka ta WhatsApp tare da jerin kayan, kowa ya zaɓi abin da zai ɗauka. Wanda ba shi da ko sisi ya kawo ƙarfinsa, ko jarkar ruwa, ko mudun shinkafa, a rubuta sunansa a littafi ɗaya da na mai siminti.

Kuɗin da ya shigo kada ya kwana a aljihun mutum ɗaya. Idan kwamiti na da asusun banki, a zuba can, a cire da sa hannun mutum biyu. Idan babu, ma'aji ya riƙe kuɗi, sakatare ya riƙe littafi, kada su zama 'yan gida ɗaya. Kowane saye a karɓo rasit, inda ba rasit mai kaya ya sa hannu a littafi.

Ɗan siyasa idan ya kawo kaya a karɓa a yi godiya a gaban jama'a kamar kowa. Amma kada a yarda a rubuta sunansa ko a shafa launin jam'iyya a bangon aji. Ranar da aka yi haka, rabin unguwa sun zare hannunsu.

5. Tsayar da rana, a yi shela

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an gama kawar da amfanin gona har zuwa Afrilu, kafin manoma su koma sharar gona. Ka zaɓi farkon hutun zango, domin siminti ya sami kwanakin da zai kama ba a tattaka shi ba. Ka kauce wa ranar kasuwar garin, da Juma'a, da watan azumi, da ranar da ake da biki a unguwa. Inda akwai Kirista a cikin iyaye, ka bar Lahadi. Asabar ta fi.

Shela sau uku ake yi: liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, da coci inda akwai, mai shelar mai unguwa ya zagaya ana saura kwana biyu, yara kuma su kai saƙo gida. Amma shela ba ta kawo gwani. Kafinta, birkila, mai walda da shugaban matasa, takawa za ka yi har inda suke ka gaishe su ka roƙe su. Idan sana'ar ce abincin mutum na yini, ku yi maganar ɗan abin da za a ba shi tun yanzu, kada a bar ta sai an gama.

6. Jajibiri

Kaya su kwana a makaranta, a aji mai kwaɗo. Siminti a ɗora shi a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. A cika durorin ruwa. A raba mutane ƙungiya-ƙungiya a takarda, kowace da shugabanta guda: ta rufi, ta siminti, ta bencina, ta masai, ta shara da shuka, ta abinci da ruwa. Idan ba a yi haka ba, da safe za ka ga mutum talatin sun kewaye kafinta ɗaya suna ba shi shawara.

Abinci a bar wa ƙungiyar iyaye mata su tsara: kunu da ƙosai da safe, shinkafa da wake ko dafa-duka da rana. Matan da ba sa fita za su iya dafawa a gida a aiko. Sai dai kada aikinsu ya tsaya a tukunya. Su ne za su duba aikin masai su ce ya yi ko bai yi ba.

7. Ranar aiki

A fara da hantsi bai ɗaga ba, da addu'a da gajeren jawabin mai unguwa. Gajere nake nufi, don kwano yana zafi da wuri.

Rufi shi ne farko, a gama shi kafin rana ta take. Kafinta da mataimakansa kaɗai ke hawa, su taka inda layin ƙusa yake, don nan ne katako ke ƙasa. Ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Sabon kwano ya hau kan na kusa da shi da tudu ɗaya da rabi, na sama kuma ya rufe na ƙasa. Abin da ya fi muhimmanci, wanda ake yawan tsallakewa, shi ne ɗaure katakon rufi da bango da langa-langa. Iska ba ta damu da yawan ƙusar da ke kan kwano ba idan za ta iya ɗaga rufin da katakonsa gaba ɗaya. Sabon katako a shafe shi da maganin gara, idan babu a yi amfani da baƙin man inji. Idan kuɗin sabon kwano bai samu ba, a sake buga tsohon, a toshe ƙananan huji da kwalta, zai kai ku wata daminar.

Tsofaffin azuzuwa da yawa silin ɗinsu na asbestos ne. Kada a yanka shi da zarto ko a farfasa shi, ƙurarsa na illa ga huhu. A jiƙa shi, a sauke shi ɗungurungum. Kashin jemage ma a yayyafa masa ruwa kafin a share, mai shara ya rufe hanci da baki, kuma ba aikin yara ba ne.

Daɓen ƙasa shi ke cin siminti. Buhu ɗaya kilo 50 ne, yana cika kwanon sarki kamar biyu. A haɗa shi da kwanon sarki shida zuwa takwas na yashi mai tsabta, wanda ba laka a ciki. Aji mai faɗin mita 7 da tsawon mita 8, idan za a sake masa daɓe mai kaurin santimita 4, zai ci buhu 15 zuwa 20. Idan abin da ke hannunku bai kai ba, kada ku ƙara yashi don ya isa, domin daɓen zai fara tashi kafin ƙarshen zango. Gara a cike ramuka kawai: a sassare gefen ramin har a kai wuri mai ƙarfi, a share ƙura, a jiƙa, a zuba ruwan siminti, sannan kwaɓi. A riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan, abin da za a iya amfani da shi cikin rabin awa. Kwaɓin da ya fara daskarewa, ƙara masa ruwa ba ya dawo da ƙarfinsa.

Allo a goge shi, a cike fashe-fashensa, a bari ya bushe, sannan a shafa fentin allo sau biyu. Idan an yi masa sabon shafen siminti, fentin sai bayan ya bushe sosai, ba ranar ba. Kada a sayi fenti mai ƙyalli: alli ba ya kama shi, yaran da ke gefen taga kuma haske kawai za su gani. Inda ba fenti, gawayi da aka daka aka kwaɓa da ɗanyen ganye yana riƙewa na ɗan lokaci. Baƙin garin da ke cikin batir da wasu ke sa yara su fasa, a daina, guba ce a hannun yaro. A ajin 'yan aji ɗaya a duba tsayin allon, yaro ya iya rubutu a ƙasansa ba tare da ɗage ba.

Bencina a kwance waɗanda suka mutu a gyara masu rai da katakonsu. Benci uku matattu sukan fitar da ɗaya mai kyau. A lanƙwashe ko a cire duk ƙusar da ta leƙo.

Masai a raba na mata da na maza, a sa ƙofa da sakata ta ciki, a yi wa rami murfi, a ajiye buta da ruwa da sabulu ko toka a bakin ƙofa. Idan sabon rami za a haƙa, ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, kuma ya kasance ta gangaren rijiyar, kada a bar shi a buɗe ko na dare ɗaya.

Idan azuzuwa sun yi kaɗan har ana tunanin kafa rumfar zana, a yi hattara ƙwarai. A 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi, ƙananan yara da dama suka rasu. In ba makawa, a bar gefe biyu a buɗe, a nisanta rumfa da rumfa, a nisanta su da masu tuya, kuma kada a sa 'yan ƙanana a ciki.

Yara suna da nasu aikin: shara, tsintar leda, kai ruwan sha. Ba sa hawa rufi, ba sa taɓa kwaɓin siminti don yana cin fata. Ramukan bishiya a haƙa su ranar, a zuba taki, amma dashen a jira ruwa ya zauna, sai dai idan makarantar na da rijiya ko famfo. Darbejiya tana jure fari, tana ba da inuwa da wuri. A dasa ta nesa da gini saboda saiwa, a kewaye ta da ƙaya saboda awaki, a ba kowane aji bishiyarsa. Kada a yi shinge da bini-da-zugu a makaranta, yara na cin 'ya'yansa, suna kuwa da guba.

8. Kafin a watse

Da la'asar a tsayar da aiki ko da saura. A bi filin a tsince ƙusa da guntayen kwano, don yawancin yaran da silifa suke zuwa, wasu ma ba takalmi. A mayar wa kowa kayansa ana duba littafi. Sannan, jama'a na tsaye, sakatare ya karanta lissafi da babbar murya: abin da ya shigo, abin da aka saya, abin da ya rage, da inda ragowar siminti zai kwana. A kwafe shi a manna a bangon ofishin hedimasta, a tura hotonsa ga 'yan garin da suka aiko daga nesa. Wanda ya nemi a sakaya sunansa a rubuta "wani bawan Allah", amma adadin ya fito.

9. Makon da ke biye

Sabon daɓe yana buƙatar ruwa safe da yamma har kwana bakwai. A lokacin hunturu ko zafin bazara yakan bushe da sauri ya tsattsage, don haka a rufe shi da tsofaffin buhuna jiƙaƙƙu ko yashi mai danshi. A ba mutum biyu wannan aikin da sunansu, a tanadar musu ruwan, a kulle ajin. Idan aka ce "kowa ya riƙa leƙawa", ba wanda zai leƙa.

A zauna da matasan da ke ƙwallo a filin makaranta da yamma. Korarsu ba ta aiki, kuma su ne ke wurin lokacin da malamai suka tashi. Idan sun yi aikin gayyar da hannunsu, a ba shugabansu amanar tagogi da ƙofar masai. Inda ba maigadi, maƙwabcin da gidansa ke kallon makarantar ya riƙe makulli ɗaya.

Daga ƙarshe hedimasta da shugaban kwamiti su koma wa sakataren ilimi da takarda ta biyu, ɗauke da hotunan kafin aiki da na bayan aiki, da kwafin lissafi, da jerin abin da ya fi ƙarfin unguwa: bangon da ya tsage, ƙarin azuzuwa, rijiyar burtsatse, ƙarin malamai. Ku tambaye shi ko akwai tallafin da ake bai wa kwamitocin SBMC a jiharku da sharuɗɗan samunsa. Ku bar kwafi ɗaya a ofishinsa, a buga muku hatimin karɓa a kan ɗayan, ku ajiye shi cikin littafin kwamiti tare da ranar da za ku koma bibiya.